Tsohuwa Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Duk ƙasar Agye, daga Cadawa har bakin iyakar Gazawa, babu wanda ya san tsufa kamar Dokta Sufyanu Mudi. Tsofaffin kansu ba su kai shi sani ba, don su tsufan kawai suke yi, shi kuwa karanta shi ya yi. Shekara bakwai ya kwashe a Faransa yana nazarin yadda mutumin karkara yake tsufa, da yadda ciwo yake tarewa a jikinsa ya ƙi tashi, da yadda dangi suke jinyarsa. Ya dawo da digirin dokta da farin tabarau da wani littafi mai shafi ɗari huɗu da sittin da ya rubuta da Faransanci, wanda sunansa in an juya shi da Hausa yake nufin Hannun da Ke Tallabe da Tsoho. Littafin ya kai nauyin tubali. Duk wanda ya ɗaga shi ya san an sha aiki ko bai buɗe ba, kuma galibi ba a buɗewa.

Ranar da labari ya iso Cadawa cewa ɗan Yelwa mai fura ya zama dokta, gari ya ɗauki murna. Da ya zo gaisuwa sai ya tarar da layi a ƙofar gida, masu ciwon gwiwa da masu hawan jini da wani tsoho da aka ɗauko a amalanke. Dokta ya tsaya a bakin zaure, ya gyara tabarau, ya yi musu jawabi.

"Jama'a, a fahimce ni da kyau. Ni ba likitan jiki ba ne, likitan al'umma ne. Likita ciwo yake dubawa. Ni kuwa ma'anar ciwo nake dubawa, wadda ta fi ciwon zurfi nesa ba kusa ba."

Tsohon cikin amalanke ya ɗago kai ya tambaya ko ita ma'anar tana da ƙwayar da ake sha. Aka ce masa babu. Ya ce a juya jaki. Tun daga ranar Cadawa ta raɗa wa ɗanta suna Dokta Babu-Allura, kuma shi kaɗai ne bai san da sunan ba.

Shekara shida ke nan da wannan zuwan, bai sake taka gidan ba. Kada wani ya yi saurin zarginsa, yana da hujja, kuma hujjar tana babi na tara na littafinsa. Shi ɗan fari ne. Inna Yelwa ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo sai ta ja mayafi ta yi shiru har ya fita. Tun yana ɗan lakol, wato makarantar boko, aka kai shi wurin kawunsa a Maraɗi, can ya girma. Dokta ya rubuta shafi arba'in a kan wannan kunyar, ya kuma gano cewa zuwansa gida takura wa tsohuwa ne. Tsabar girmama al'ada ce ta sa ya ɗauke mata wannan nauyin gaba ɗaya. In motarsa za ta ratsa Cadawa sai ya sunkuyar da kai yana duba takardu har a fita gari. Bai dai yi rowa ba, ya aika mata da littafinsa ta hannun direbansa Nomau, har da sa hannu a shafin farko.

A bana ne Dokta ya ƙudurta zama farfesa. Ya baro jami'arsa a Yamai da farar mota katkat mai tambari a ƙofa, ya kama buro, wato ofis, mai na'urar sanyi a Agye, ya buɗe babban bincike a kan tsofaffi masu doguwar jinya. Tsarin aikinsa abin a koya wa ɗalibai ne. Shi ba ya shiga gidan majinyaci, don a cewarsa mai bincike in ya matsa kusa da abin da yake bincike idonsa rufewa yake yi. Bai taɓa ambaton wari ba. Mai shiga gidaje ita ce Madam Lubabatu, wadda ta yi shekara talatin tana ungozoma kafin ta huta. Ita take zama a tabarma da tsofaffi, ta ɗauki maganarsu a rikoda, ta juya da Faransanci, ta kawo masa a takarda. Kuma akwai doka guda da Dokta ya fi ƙauna fiye da abincinsa: kowane tsoho a cire sunansa a ba shi lamba, kowane gari a ba shi harafi, kuma ko da wasa kada a gaya masa wane ne wane.

"Wannan ita ce amanar ilimi, Madam," yakan ce yana ɗaga yatsa. "Suna yana kawo son zuciya. Ni lamba nake so, lamba ba ta da dangi."

Ran Litinin Madam Lubabatu ta bi jerin sunayen da ta samo a ɗakin shan magani na Cadawa, ta iso kan ta goma sha bakwai, sai ta tsinci kanta a ɗakin Inna Yelwa. Tsohuwar tana da ciwon sukari. Wani ɗan tuntuɓe da ta yi tun kaka ya zama gyambo a ƙafar hagu, yatsu biyu sun yi baƙi. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar garin, ya riga ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ba a kai ta babban asibiti a Maraɗi kafin Juma'a ba, to ƙafar ba tata ba ce kuma. Motocin haya sun ƙi ɗaukarta, don ba ta iya zama a matse sai a kwance, fasinjoji kuma ba sa jure warin. Ƙanwar Dokta, Safina, ita kaɗai take wanke ta, ta juya ta, ta kore mata ƙuda.

Madam Lubabatu ta dawo Agye ranta a ɓace. Ta ajiye takarda a teburin Dokta, ta ƙi zama.

"Dokta, wagga ta sha bakwai ɗin, ya kamata ka san ko wace ce."

Dokta ya toshe kunnuwansa da yatsu biyu, da gaske, kamar mai gudun tsawa.

"Madam! Za ki rushe mini aikin shekara da kalma guda?"

"To ka saurari rikodar da kunnenka."

"Ina da takarda. Takarda ta fi murya natsuwa."

Madam ba ta ƙara matsa masa ba. Ta karɓi haihuwar yara sun fi dubu, ta san akwai kan da ba ya fitowa sai lokacinsa ya yi. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Washegari Safina ta hau kabu-kabu ta zo da kanta. Ta bar tsohuwa a hannun maƙwabciya, ta iso buro da ƙafafu fururu, sanyin ɗakin ya sa ta takure a bakin kujera. Dokta ya karɓe ta da fara'ar da yake karɓar baƙi, yana amsa gaisuwarta idonsa a kan kwamfuta.

"Yaya, ƙahwar Inna ce. Majo ya ce a tahi da ita Maraɗi kahin Juma'a. Motar nan taka muke roƙo, yini guda."

"Ƙafa!" Dokta ya yi murmushin masani. "Safina, kowane tsoho a Sahel yana kukan ƙafa. Babi na shida gaba ɗaya a kan haka yake. Sau da yawa ba ƙafar ce ke ciwo ba, hanya ce ta neman kulawa. A shafa mata man kaɗe, a riƙa yi mata hira."

"Yaya, yatsun sun..."

"Motar kuma ba tawa ba ce, ta ilimi ce. Kin ga tambarin ƙofa? Gobe za ta ɗauko Farfesa Alhassan da zai sauka Maraɗi daga Yamai, jibi kuma babban taronmu ne. In na ɗauki motar bincike na yi hidimar gida da ita, da wane ido zan dubi amana?"

Bai bar ta ta tafi hannu biyu ba. Ya buɗe kwali ya zaro mata rigar taro sabuwa fil, wadda aka rubuta wa MU KULA DA TSOFAFFINMU da manyan baƙaƙe a ƙirji. Safina ta karɓa don ba ta saba mayar wa yayanta hannu ba. A waje Nomau direba, wanda ya girme su duka biyun, ya gan ta tana share hawaye da bakin zane. Ya sunkuyar da kai yana goge gilashin da ya riga ya goge.

Da yamma Dokta ya zauna karanta takardun, ya iso kan Tsohuwa Mai Lamba Goma Sha Bakwai, ta gari mai harafin B. Ya karanta sau ɗaya, ya cire tabarau. Ya sake karantawa, sai ga ƙwalla. A nan dole a yi masa adalci: Dokta mutum ne mai tausayi ƙwarai, muddin abin tausayin yana kan takarda. Zuciyarsa ta karye, kuma a daidai lokacin wani daɗi ya ratsa shi, don ya san ya samu abin da zai girgiza taro. Farfesa Alhassan shi ne zai rubuta rahoton da ƙarin girman Dokta ya rataya a kai. Dokta ya tashi ya tsaya gaban madubi yana gwada inda zai sassauta murya da inda zai buga tebur.

Ran Laraba katkat ta wuce ta Cadawa sau biyu, zuwa da dawowa. Ran Alhamis da sassafe ta yi sawu uku tana jigilar kujerun roba.

Taron ya cika. An kafa rumfuna, an jera manyan gari a gaba, an zuba tsofaffi a baya kowa sanye da rigar taro a kan tufafinsa. Mutanen Cadawa sun zo da yawa, don sun ji an ce ɗansu zai yi magana kuma za a raba lemo. Farfesa Alhassan, wani siririn dattijo marar yawan magana, yana zaune da ɗan littafinsa a cinya. Dokta ya hau mumbari cikin kwat, rana tana dukan ƙeyarsa, ya yi awa guda yana Faransanci. Tsofaffi suka yi gyangyaɗinsu cikin ladabi. Sannan ya juya harshe.

"Yanzu zan sa ku ji da kunnenku. Na ɓoye sunanta, na ɓoye garinta, don mu masana ba ma tona asiri. Ku saurari Lamba Goma Sha Bakwai."

Madam Lubabatu ta matso da sauri ta yi ƙasa da murya. "Dokta, a ƙauye murya ai suna ce." Ya kore ta da bayan hannu, ya danna rikoda a bakin lasifika.

Aka ji muryar Madam tana tambaya: "Inna, ɗiya nawa gare ki?"

"Guda, ga ta nan tana wahala da ni. Sai wani."

"Wanin yana ina?"

"Yana can."

"Yana zuwa?"

"Mota tana wucewa. Ana hwaɗa mini."

"Yana aike?"

"Ya aiko da wani abu mai nauyi. Da majo ya ce a riƙa ɗaga ƙahwar, shi muka sa a ƙasa. Ya yi daidai, wallahi. Allah shi yi mai albarka."

Gyangyaɗi ya watse. Shekara talatin wannan muryar tana kiran fura a bakin kasuwar Cadawa, babu wanda ya taɓa sayen goro a garin da bai san ta ba. Tsofaffi suka fara zungurar juna. Wata mata ta rufe baki da mayafi. Mutum guda ne a duk filin bai gane muryar ba, kuma ba laifinsa ba ne kaɗai, don a gabansa ne kawai muryar ba ta fita. Da ya ga jama'a sun motsa sai ya ɗauka jawabinsa ne ya kama su, ya ƙara ƙaimi.

"Kun ji! Tsohuwa tana ruɓewa da rai, ɗanta yana wucewa a mota! Wannan shi na kira a littafina mutuwar zumunci. Ina ma a ce yana nan in dube shi ido cikin ido. Wannan ɗa, duk inda yake, duk muƙaminsa, Allah wadaran halinsa!"

"Amin!" in ji Cadawa, da ƙarfin da ya tayar da tattabaru daga rufin buro.

Dokta bai taɓa samun amsa irin wannan ba ko a Faransa. Daɗi ya kama shi har ya maimaita addu'ar, aka sake ba shi amin wadda ta fi ta farko.

Farfesa Alhassan ya ɗaga alƙalami. "Dokta, jawabi ya yi kyau. Ita tsohuwar fa, me za a yi mata? Na ga a takardarka an ce Juma'a. Gobe ke nan."

Babu wannan tambayar a cikin abin da Dokta ya gwada gaban madubi. Amma babban mutum ba ya rasa ta cewa. Ya dubi Farfesa, ya dubi mai ɗaukar hoto, ya bugi ƙirji.

"Ilimin da bai share hawaye ba, ba ilimi ba ne! Ga motata can. Yau ɗin nan, yanzun nan, ni da kaina zan kai baiwar Allah nan Maraɗi. Mota don me aka yi ta in ba don irin wannan ba? Madam, na ɗage doka, nuna wa direba hanya."

"Na san hanya," in ji Nomau. Ya riga ya tayar da mota.

Farfesa ya ce zai bi su. Ya shiga gaba, Dokta da Madam Lubabatu suka shiga baya, mutanen Cadawa kuwa suka bar lemo suka haye babura. A hanya Dokta ya yi ta bayani a kan irin waɗannan 'ya'ya, ya kasa su gida uku, ya ce yana zargin wannan ɗan kasuwa ne marar karatu. Da suka shigo Cadawa ya sunkuyar da kai kan takardu kamar yadda ya saba. Sai ya ji taya ta sauka daga kwalta. Ya ɗago. Ga masallacin unguwa, ga rijiya, ga bishiyar bedi da aka ɗaure ragon sunansa a jikinta. Nomau ya taka birki a ƙofar zaure, ya kashe mota, ya zagayo ya buɗe masa ƙofa da ladabin da bai taɓa yi masa ba.

"Nomau, ka yi kuskuren gida," in ji Dokta, da wata 'yar murya da ba ta mumbari ba.

"Gari mai harafin B ke nan, Dokta," in ji Madam Lubabatu. "Bismilla."

Babu hanyar komawa, babura sun cika lungu. Ya shiga, Farfesa yana biye. Warin da ya yi shekaru yana karantawa ya tare shi tun daga tsakar gida. A ɗaki Safina tana durƙushe da mafici. Inna Yelwa tana kwance a tabarma, ta rame har ba ta cika zanenta ba. An lulluɓe gyambon da sabuwar riga don ƙuda, rubutun MU KULA DA TSOFAFFINMU yana kallon rufi. A ƙarƙashin diddigen kuwa ga tubalin nan mai shafi ɗari huɗu da sittin, bangonsa ya sha man kaɗe, hoton marubucin yana leƙowa ta gefen dunduniya da farin tabarau.

Tsohuwa ta ji takun takalmi, ta dubi ƙofa sau ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Mutum guda take yi wa haka a duniya, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya sani.

Kunya ta rufe Dokta tun daga kai har ƙafa, irin wadda babu ita a babi na tara. Ya buɗe baki, Faransanci ya ƙi zuwa, Hausa ma ta ƙi. Farfesa Alhassan ya sunkuya ya karanta sunan littafin a hankali, ya miƙe.

"Shekara talatin ina duba ayyukan bincike," ya ce, "yau na fara ganin wanda ya isa jikin majinyaci." Ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya rufe.

Nomau da maƙwabta suka ɗauki tsohuwa a tabarmarta suka shimfiɗe ta a kujerar baya. Safina ta ce a kawo littafin, ƙafar ba ta zama sai da shi. Ta shiga ta tallabi kan uwarta, Madam Lubabatu ta takure a gefe tana riƙe da ƙafar, Farfesa ya koma gaba. Aka duba, babu wurin Dokta. Ya tsaya a rana cikin kwat, Cadawa ta kewaye shi, kowa yana yi masa sannu da zuwa da wata irin fara'a.

An isa Maraɗi kafin la'asar. Yatsu biyu sun tafi, ƙafa ta tsira, kuma Inna Yelwa tana takawa da sanda har yau. Batun zama farfesa an ce a sake nema wata shekara. Amma abin da Cadawa ta riƙe shi ne abin da ya faru kafin mota ta tashi. Gilashi yana buɗe, Dokta yana tsaye dab da shi, sai aka ji muryar nan ta kiran fura daga ƙarƙashin mayafi, karo na farko a gabansa, tana magana da 'yarta.

"Safina, ki yi wa mai motar nan godiya. Ki ce mai uwar da ta haihe shi ta ji daɗi."